Tallafin Da Na Karɓa A Ɗakin Awo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja rabin mazan garinmu zuwa ɗakin awon masu ciki ba. Ko yanzu da nake ba ku labarin sai da na gyara zama, domin akwai wani sashe na jikina da ya fi ƙwaƙwalwata riƙe abin da ya faru.

A shekarun nan ne da rayuwa ta yi tsanani, lokacin da fetur ya fi ƙarfin talaka, babura suka koma jingine a zaure kaji suna kwana a kansu. Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Makoda, gona tana manne da gona, in ka yi tari a taka na kusa da kai zai ce maka sannu. Damina ta yi nisa, tsohon hatsi ya ƙare a rumbuna, sabo bai nuna ba, gidaje da yawa sun koma kwaɗon tafasa da zogale. A irin wannan lokaci babu kalmar da ta fi daɗi a kunne kamar tallafi. Kullum sai a ce an raba shinkafa a gari kaza, an kai taki gari kaza, mu dai sai labari.

Ni kuwa ina da ɗan shagon cajin waya na sola a bakin masallaci. Duk wanda ya kawo waya sai ya ajiye labari ya ɗauki wani, saboda haka aka ɗauke ni mutumin da ya san abin da duniya take ciki. In na ce za a yi abu, ba a musu. (Gaskiyar magana, rabin abin da nake faɗa a rediyo nake ji, sauran rabin kuma a bakin wanda ya tashi yanzun nan.)

A lokacin matata Hafsatu tana da ciki. Ni na taɓa aure ya mutu ba haihuwa. Ita ma ta taɓa aure, ta haihu sau ɗaya, ɗan bai zo da rai ba. Wato dai abin da ke cikinta shi ne ɗana na fari, kuma kun san kunyar ɗan fari a wurinmu. Namiji ba ya nuna ya san matarsa tana da ciki, ko da cikin ya riga ta shiga ɗaki. Ni kam har na zarce kowa. In abokai suka ce, “Mai caji, an kusa cin naman suna ke nan,” sai in duƙufa a kan wayoyi kamar an ce mini ɗaya ta kama da wuta.

Wata Laraba Hafsatu ta dawo daga awo ta zauna a bakin gado ba ta ko cire hijabi ba.

“Malam, yau an ɗebi jinina a yatsa.”

“To, madalla.”

“An ga ciwo.”

Na ajiye kwanon furar da ke hannuna.

Ta ce, “Malama Asabe mai awo ta ce wani irin ciwon sanyi ne da yake ɓuya a jini, tsofaffi suna ce masa tunjere. Sai mutum ya yi shekaru da shi yana noma yana cin tuwonsa bai sani ba. Amma yana ratsawa ya kama abin da ke ciki, ya sa ɓari, ko a haife shi ba rai, ko ya zo da ciwo. Ta yi mini allura. Ta ce kai ma dole ka je a duba ka, in ba haka ba ka sake mayar mini da shi, tawa allurar ta tashi a banza.”

“Ni? In je ina?”

“Ɗakin awo. Laraba mai zuwa.”

Na miƙe na fara kare kaina kamar ina gaban alƙali. Na ce lafiyata ƙalau, jiya-jiyan nan na ɗaga batirin sola ni kaɗai. Na ce in ma akwai wani abu ai akwai sassaƙe, a jiƙa mini in sha. Har na buɗe baki zan tambayi daga ina ciwon ya fito, ta tare ni.

“Malama ta ce kar in tambaye ka, kai ma kar ka tambaye ni. Duk mun taɓa aure.” Sannan ta ce, “Malam, na taɓa ɗaukar ciki har ya isa haihuwa, na haihu ɗakin ya yi tsit. Ba na son in sake jin wannan shirun.”

Tausayinta ya kama ni, na ce zan je. A daren kuma ta ɗauke matashinta ta koma ɗakin Innata, wai ɗakinmu ya cika zafi, sai an gama alluran zai huce.

Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, yadda gardi kamata zai shiga tsakiyar mata masu ciki ya zauna, alhali a gari ina nuna ban ma san da cikin ba. Na biyu kuwa, ina tsoron allura. Ba tsoro na wasa ba. Muna firamare da aka zo yin lamba, ta taga na fice, sai a gonar rogo aka tsinto ni.

Sai na tsara dabara, kuma a lokacin har yaba wa kaina na yi. Hafsatu za ta bi babbar hanya da sassafe tare da sauran mata. Ni kuma sai hantsi ya yi, kowa ya duƙufa a gona, in rufe shago in bi ta hanyar gonaki zuwa garin da asibitin yake. Na kuma naɗe wani tsohon buhu na saƙale a hammata, don duk wanda ya hango ni ya zaci sayayya za ni.

Abin da ban lissafa ba shi ne hanyar ta ratsa ta gefen gonar gyaɗar surukina, Baba Sale, mahaifin Hafsatu. Dattijo ne mai kwarjini, malamin zaure da magidanta suke ɗaukar karatu a wurinsa bayan la’asar. Tunda na auri ’yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na zaci yana can gonarsa ta fadama, sai ga shi tsaye da fartanya kamar ni yake jira.

Na tuɓe takalmi na tsuguna. Muka gaisa, ya tambayi Innata, ya tambayi sana’a, ya tambayi ruwa. Sannan idonsa ya sauka a hammatata.

“Ina zuwa haka da buhu, yau kuma ba kasuwa ba?”

“Asibiti za ni, Baba.”

“Subhanallahi. Wane ne ba lafiya?”

“Kowa lafiya lau, Baba.”

“To, buhun fa?”

Ku da kuke karantawa, ku gaya mini abin da zan ce. In dubi wannan dattijo in ce ’yarka tana da ciki, kuma an ga ciwon sanyi a jininta, ni ma za ni a duba nawa? Na ji gara ƙasa ta tsage in shige. Bakina ya buɗe da kansa ba tare da ya yi shawara da ni ba.

“Ai… an ce ana ɗan rabon wani abu ne a can.”

“Tallafi?”

“Kusan haka, Baba. Na magidanta ne. Amma ba a so a yayata.”

Ya jingina fartanyar a jikin kuka, fuskarsa ta washe. “Allah ya yi maka albarka. Ai kuwa jiya da rama aka kwana a gidana.” Wannan maganar ta soke ni, na ɗago zan warware, amma ya riga ya juya. “Sai dai bai halatta mu ji mu yi shiru maƙwabta suna cikin yunwa ba. Malam Tanko! Kai Malam Tanko!”

Malam Tanko shi ne mai gonar kusa, kuma in kana so magana ta zaga gari kafin azahar, shi za ka gaya wa ka ce kada ya gaya wa kowa. Ya ƙwala wa na gaba da shi kira, na gaban ya ƙwala wa na gaba. Waɗanda suke nesa aka buga musu waya. (Wayoyin da ni da hannuna na cika da caji jiya da yamma.) Kafin in mayar da takalmina, mutane suna ta ɓullowa daga cikin gero da dawa, kowa da buhu. Wani ya turo baro. Wani bawan Allah, don tsabar kyautata zato, har da jaki.

Aka sa ni a gaba. “Mai caji ya san wanda za a gani, ku bar shi ya wuce.” Muna tafe ana sa mini albarka. Wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce tun ina yaro ya ga alamar shugabanci a goshina. Da muka yi nisa na ce zan zaga bayan gari, da niyyar in na shiga cikin dawa kada a sake ganina sai kaka. Malam Tanko ya ce, “Jama’a a dakata, jagora zai kama ruwa.” Duk suka tsaya a bakin gonar suna jirana. Haka na fito na ci gaba da jan ayari, gumi yana bin bayana.

Asibitin ɗan ƙaramin gini ne, da baranda da bishiyar darbejiya a gaba. Mata masu ciki sun cika barandar, wasu sun shimfiɗa zani a inuwa. Da suka hango rundunar maza da buhuna da jaki sai hira ta tsaya cak. Na hango Hafsatu a ƙarshen benci. Ta dube ni, ta dubi mahaifinta a bayana, ta ja hijabi ta rufe fuskarta gaba ɗaya.

Malama Asabe ta fito, gajeriyar mace mai muryar da ba ta buƙatar lasifika.

“Lafiya? Me ya faru?” Ba ta jira amsa ba ta ce, “Wai a cikinku akwai mijin Hafsatu?”

Hannaye suka turo ni gaba. Har da masu tafi.

“Ikon Allah! Na ce mata ta turo mijinta, shi ne ka kwaso duk garin? Tunda na fara aiki ban taɓa ganin namiji irinka ba. Shigo, da kai za a fara.”

Na ji Malam Tanko yana cewa, “Kun gani ko? An san shi a ciki.”

Ɗakin ba shi da girma, tagarsa ba gilashi, wani tsohon zani aka rataya a matsayin labule. Na tambaya cikin raɗa ko babu namiji ma’aikaci. Ta ce akwai, amma yau bai zo ba, babur ɗinsa ba mai. Ta kama yatsana ta tsira wani ɗan tsinke, na runtse ido na karanto duk addu’ar da na sani. Ta ɗiga jinin a kan wani ɗan farin abu kamar guntun roba, muka zauna jira.

Da ta duba sai ta rage murya, karo na farko. “Akwai shi a jikinka. Kada ka ta da hankalinka, yana da magani. Gara da ka zo, da ba ka zo ba da mun yi aikin banza.”

A nan dariya ta ƙare mini. Ashe da gaske ina yawo da abin da zai iya kashe ɗana, ina ta cika baki da ɗaga batir. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji na tsani taurin kaina.

Sai dai wannan tunani mai kyau bai daɗe ba, domin ta ɗauko sirinji. Ta tambaye ni ko allurar fenisilin ta taɓa yi mini illa, na ce ban taɓa tsayawa an yi mini ba balle in sani. Ta zuƙo wani farin ruwa mai kauri kamar koko.

“Juya ka sassauta zariya. Rabi a wannan gefe, rabi a wancan.”

“Malama, ba a yi a hannu?”

“Ba a yi.”

“Ba ƙwayoyi?”

“Malam, mata suna jirana.”

Na dafa tebur. A daidai lokacin ne Malam Tanko, wanda haƙurinsa ya ƙare yana son ya ga da wane irin kwano ake awon hatsin, ya zagayo ya ɗaga labulen taga. Muka haɗa ido. Allurar ta shiga.

“Wayyo Inna! Wayyo Allah, Inna ki zo!”

Ni ne na faɗi haka. Magidanci mai gemu, mai shago, wanda aka ga alamar shugabanci a goshinsa ɗazun nan. Kuma ban gama numfashi ba ta koma ɗaya gefen, na sake kiran Inna da muryar da ta fi ta farko. An ce har jakin sai da ya ja da baya.

Sannan na ji Malam Tanko yana ba da rahoto: “Jama’a, ba hatsi ba ne. Allura ce ake yi, a ɗuwawu!”

Wani ya ce, “Ko sai an yi allurar ake ba da hatsin?”

Wani daga baya ya ce, “In dai za a bayar, ni a yi mini huɗu.”

Na fito ina ɗingishi, hannu ɗaya riƙe da zariya, ɗaya da buhuna wanda ba komai a ciki. Baba Sale yana tsaye a gaban jama’a. Na yi ƙoƙarin tsugunawa kamar yadda aka saba, mazaunaina suka ƙi, na tsaya a rabi kamar mai shirin tsalle.

“Mene ne wannan?” in ji shi.

Ba sauran wurin gudu. Na ce, “Baba, ƙarya na yi. Babu tallafi. Hafsatu ce… Hafsatu ce take da ciki.”

Wata tsohuwa da ta rako jikarta awo ta tafa hannu. “Kai, ashe! Mu da muka zaci ƙwarya ta haɗiya!” Barandar ta kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki suna cewa wayyo.

Na ci gaba, tunda na riga na jiƙe. “An ga ciwo a jininmu wanda zai iya kashe ɗan. Aka ce in zo a yi mini allura. Kunyarka na ji, na rasa abin da zan ce maka.”

Mazan ba su yi dariya ba. Wasu suka fara faɗa, wai na raba su da noma, na jawo su cikin rana. Mai jaki ya ce Allah ya isa. Amma waɗanda suka fi damuna su ne waɗanda ba su ce komai ba, suka naɗe buhunansu a hankali suka juya. Na san abin da za su tarar a gida, na san kuma an riga an gaya wa yara yau za a dafa shinkafa. Wallahi wannan ya fi allurar zafi, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyinsa.

Malama Asabe ba ta bari taron ya tafi a banza ba. Ta hau kan dakalin baranda ta ce duk mai mata da ciki ya turo ta awo da wuri, tun cikin yana ƙarami, gwajin ɗigon jini ne kawai, in an ga ciwon a yi wa mata da miji magani ɗan ya tsira. Yawanci suka wuce suna tsaki. Amma na lura wasu ’yan kaɗan sun tsaya a gindin darbejiya suna gyaran takalmin da bai lalace ba. Malam Tanko yana cikinsu.

Baba Sale ya juya ya kama hanya. Na kwana biyu ina jiran a aiko a ce Hafsatu ta tattara kayanta ta koma gida. A shago kuwa sunana ya tashi daga Mai caji ya koma Mai tallafi. Mutum zai miƙo waya da fuskar kirki ya ce, “Mai tallafi, yau a wane gefe ake rabawa?” In na ba da labarin da na ji a rediyo sai a ce, “A kawo buhu ko a sassauta zariya?”

Ga shi kuma Malama ta ce allurar ba ɗaya ba ce, sai mun riƙa komawa duk mako har a gama. Da Laraba ta zagayo ina ɗaki ina tunanin ta inda zan bi, sai na ji ƙarar babur da sallama a ƙofar gida. Na fito na ga Baba Sale a kan tsohon babur ɗinsa da ya daɗe a jingine, an wanke shi tas. Daga baya na ji zabbinsa ya sayar ya zuba mai.

“Na riga na kai Hafsatu,” in ji shi. “Hau.”

Na hau na zauna a karkace. Sai da muka wuce gonakin garinmu ya fara magana, bai waiwayo ba.

“Wancan ɗan nata na farko, ni na ɗauke shi a hannuna na kai shi makabarta. Aka ce iska ce. Na yi rubutu na ba ta ta sha, iyakar abin da na sani ke nan. Ban san akwai abin da allura take karewa ba.” Ya yi gyaran murya. “Da ka gaya mini gaskiya a gona, da goya ka zan yi in kai ka.”

Hawaye suka cika mini ido, na ce, “Allah ya ƙara girma, Baba.”

Da muka isa ya kashe babur, ya dubi tagar nan mai labulen zani, ya ce, “Amma in ihun za ka yi yau ma, ka bari in yi nisa tukuna.”

Haka ya riƙa kai mu har aka gama. Bayan an girbe gero Hafsatu ta sauka a asibitin, ta haifi ’ya mace, aka duba jaririyar aka ce lafiyarta ƙalau. Yanzu haka tana nan tana tsinka mini wayoyin caji.

Abin da na koya dai shi ne, kunya ado ce a gaban suruki, amma in maganar asibiti ce a bar ta a gida. In an ce ka je a duba jininka saboda abin da ke cikin matarka, ka tashi ka bi babbar hanya da rana tsaka. Duk wanda ya tambaye ka ina za ka, ka dube shi ka ce allura za a yi maka. Na rantse babu wanda zai biyo ka.